Faifan Baba Guda Biyu

Zango, Wagadugu
6 ga Afirilu

Ƙanwata Zuhura,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, kuma karatun jinya na tafiya daidai a can Bobo. Yaya zafi? Inna na gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci kan lokaci.

Albishirinki. Na haɗa ordinatar, wato kwamfuta, da hannuna, tun daga ƙusar farko. Shekara shida ina koyar da ita a lakwal, wato makaranta, amma ban taɓa gina tawa ba sai yanzu. Kin san dalili. Tun da ta Baba, Allah ya jiƙansa, ta ƙone, ba wanda ya sake ganin hotunan tsohon Zango, unguwarmu ta dā, da ya ɗauka kafin a rushe ta. Kina da shekara biyu lokacin rusau, ba ki san gidan da aka haife ki ba. Ina so in sa faifansa, wato ma'ajin da hotunan ke ciki, a sabuwar na'ura in nuna miki.

Da na gama ɗaure komai na danna makunni, fanka ta juya, amma allo ya tsaya baƙi ƙirin. Na cire na mayar har yatsuna suka yi ciwo. Sai na kira Lassane, dattijon nan mai gyara na Tiendpalogo. Ya duba ya yi dariya, ya ce, "Karansamba, kin kawo baƙo gidan da ba a san harshensa ba." Karansamba dai malama ce da Mosanci, haka yake tsokanata.

Ga abin da yake nufi. A jikin babban falle da ake kira kart-mer, wanda komai ke maƙale a kansa, akwai wani ɗan ƙwayar abu da bai kai farcenki ba. A ciki aka rubuta biyos, wato umarnin farko da ke tayar da na'ura ya gabatar mata da gaɓoɓinta. Nawa ya girmi ƙwaƙwalwar da na saya, don haka bai gane ta ba. Dole a sake rubuta shi daga kile, wato ɗan filashin USB. In wuta ta ɗauke ana cikin rubutun, kart-mer ta mutu ke nan, kuma kin san wutarmu a watan nan.

Lassane ya ɗauro batirin shagonsa a bayan babur. Minti shida wata 'yar fitila tana ƙiftawa, mu biyu mun zuba mata ido. Tana mutuwa na danna, allo ya haskaka. Zuhura, ikon Allah! Abin da bai kai ƙwayar shinkafa nauyi ba, shi ya hana akwati guda numfashi.

Saura faifan Baba. Na jona shi, na'ura ta ga yana nan, amma ta ce ba ta iya karanta shi. Zan ci gaba da bincike.

Yayarki,
Shahida

Zango, 15 ga Afirilu

Zuhura,

Sallama da fatan alheri. Na kira ki sau huɗu ba ta shiga, shi ya sa na ba direba wannan takarda hannu da hannu. Karanta wannan layi tukuna: faifan Baba da ke wurinki, kada ki bari kowa ya goge shi. Inna ta ce kin gaya mata za ki sa shi a ɗan akwati ki jona a ordinatar ki riƙa ajiye darussanki. In kin jona shi, na'ura za ta tambaye ki ko ta share shi ta gyara miki. Ki ce a'a, ki cire shi.

Bari in yi miki bayani. Kwana tara ina fama. Na sauya waya, na sauya rami, ba canji. Daga baya na shiga cikin biyos na ga akwai hanya biyu da kart-mer ke magana da faifai. Na juya zuwa ta biyu, sai na'urar ta ƙi tashi gaba ɗaya, don ba ta da pilot ɗin wannan hanya. Pilot kamar tafinta yake tsakanin na'ura da faifai. Na mayar da ita yadda take, na sa pilot, na sake juyawa. Sai ga saƙo a allo: wannan faifai ɗaya ne cikin biyu, ɗan'uwansa ba ya nan.

Ashe wanda ya haɗa wa Baba tasa ya ɗaure faifan biyu ne su yi aiki kamar guda. Kowane hoto yanka shi ake yi ƙanana-ƙanana, wannan yanki nan, na gaba can. Kamar ki rubuta wasiƙa, layi ɗaya a wannan takarda, layi na biyu a waccan. Nawa shi kaɗai ba ya ɗauke da hoto ko ɗaya cikakke, naki ma haka.

Kin tuna ranar rabon gado? Kawu Dodo ya buɗe ƙonanniyar na'urar ya ga faifai biyu iri ɗaya, ya ɗaga su yana murna, ya ce, "Alhamdu lillahi, 'ya'ya mata biyu, faifai biyu, ba rigima!" Da na gaya masa jiya, ya riƙe gemu ya ce, "Ke 'yar nan, na raba gidaje da rumfunan goro, ban taɓa jin gadon da ake lalatawa da adalci ba."

Ki naɗe shi a zani mai kauri, kada ya bugu, ki ba direban nan. Ina roƙon Allah ya sa ban makara ba.

Taki,
Shahida

Zango, 21 ga Afirilu

Ƙanwata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Saƙonki ya iso lafiya. Da na karanta cewa kin riga kin jona shi, tambayar ta fito, kika cire don kina sauri zuwa asibiti, sai na yi ta hamdala. Allah ya yi wa wannan sauri albarka.

Jiya bayan la'asar na jera su biyu na kunna. Sun yi ɗan gurnani irin na tsofaffin faifai. Sai pilot ya rubuta cewa biyun sun cika. Faifai guda ya bayyana a allo, da sunan da Baba ya sa masa, Zango. Hoto dubu uku da wani abu, kowanne na'ura tana ɗinke shi daga nan da can kafin in ƙifta ido. Ni da nake koyar da wannan abu, wallahi sai da na yi kabbara. Kafin komai na kwafe su wuri uku.

Na ga zaurenmu, da rijiya, da huhunan goro jere a inuwa. Na gan ki a bayan Inna kina cizon ɗankwalinta. Sannan akwai bidiyo da ban san da shi ba. Baba ya bi layinmu gida-gida, mako guda kafin rusau, yana faɗin sunan kowane mai gida da garin da kakansa ya fito.

Na kira Inna. Ta zauna a bakin gado, hannunta a kan baki, tana kallo har ya wuce gida bakwai. A na takwas, mai koren ƙyaure, muryar Baba ta ce nan ne gidan Mani mai atamfa. Sai Inna ta sauke hannu ta nuna allo ta ce, "A'a, Alhaji, na Zulai ne wannan, na Mani yana gaba. Kullum sai ka rikita su!"

Ta jira ya amsa. Shi kuwa ya ci gaba da tafiya. Can ta share ido da gefen mayafi ta ce in mayar da shi baya, ba ta gama da shi ba. Sau biyar muka kalla, kowane karo sai ta gyara masa.

Ki zo da hutu, ki zo da littafi. Inna ta ce akwai gidaje huɗu da ya yi kuskure, kuma tana so a rubuta daidai tun tana tunawa.

Ki huta lafiya.

Yayarki mai ƙaunarki,
Shahida