Gammon da Ka Kai Bama

Zuwa ga kakana kuma angona, Malam Audu Soja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina roƙon Allah Ya sa wannan ta same ka cikin rahamarSa. Amaryarka ce daga Greensboro ta ƙasar Amurka, inda karatu ya jefo ni.

Ka tuna tsokanar da nake maka a zaure? Sa'o'inka da suka je yaƙin Bama sun dawo da labarin bindiga, kai kuwa ka dawo da sanƙo, don dakon kayan soja aka ɗauke ka. In ce maka sojan gammo, ka yi dariya, ka ce da ka sani da ba ka auro mai tsiwa ba. In na matsa da tambaya sai ka ce, "Kayan da aka sauke ba a sake ɗaukarsa." Har ka rasu ban ji komai daga bakinka ba.

Nan garin, Malam, sai ka wuni ba wanda ya ce maka ina gajiya. Ƙofa ɗaya nake ƙwanƙwasawa a gidajen hayarmu na Gate City Boulevard, ta wata tsohuwa 'yar gudun hijira daga ƙasar Bama. Sunanta ya gagari harshena, na sa mata Goggo. 'Yarta ke mana tafinta in ta dawo aiki. In ba ta nan, mu zauna muna tsince ganyen miya muna kallon motoci.

Ita ta ba ni labarin da ka hana ni. Tana ƙarama sojojin Japan suka shiga ƙauyensu, wai sun zo ƙwatar musu 'yanci daga Turawa. Suka kwashe shinkafar rumbu, suka cinna wa sauran wuta. Mata suka koma shafa gawayi a fuska suna kwana a daji. Babanta kuwa suka ɗora masa kaya, suka tasa ƙeyarsa da bakin bindiga, bai dawo ba.

Na je laburare na karanta sauran: biranen Sin da aka ragargaza, matan Koriya da aka tsare wa sojoji, samarin Japan da aka koya wa cewa mutuwa don sarkinsu ta fi komawa gida. Ranar ko abinci na kasa ci. Na nemi labarinku ku 'yan dako a ciki, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Wata rana Goggo ta ce, bayan yunwa ta gama da su, wasu baƙaƙen mutane sun ɓullo daga daji a jere, kaya a ka, ba ko riƙo. Ɗaya ya sauke nasa, ya zuba wa uwarta gishiri a bakin zani. Ban ce kai ne ba, kuna da yawa. Amma tun daga ranar, in na tuna sanƙonka sai in ji ƙwalla.

Da sanyin bana hankalinta ya fara tafiya. Ta manta ni, ta daina labari. Na tsorata ƙwarai, don in ita ma ta manta, ban san wanda ya rage da ya gan ku da idonsa ba.

Makon jiya su Goggo suka tashi zuwa wata jiha mai nisa, na je taya su kwasar kaya. Wani ƙunshi ya fi ƙarfin hannu, na naɗe mayafina na yi gammo, na ɗora, na sauko daga bene. Goggo na cikin mota ta ɗago ta gan ni. Ta haɗa tafukanta a goshi, hawaye na zuba, tana nanata magana ɗaya. 'Yarta ta ce wai cewa take, "Sun dawo. A tambaye su ko sun ga Baba a hanya."

Da kaya a ka ba a gyaɗa kai, ka fi ni sani. Haka na tsaya ƙiƙam ina kallonta. Kai ka bi hanyar nan, Malam, ba ni ba.

Yanzu in na wuce ƙofarsu hannuna kan ɗaga da kansa, sai in mayar da shi aljihu. Ina kewarka, angona, fiye da ranar da aka fita da kai.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sauke maka abin da ka ɗauko daga can ka ƙi bari mu taya ka. Ya sassauta wa Goggo jiranta, amin.

Amaryarka mai tsiwa,
Talatu