Inna, Ki Ji Yadda Asabe Ta Yi Magana

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan Kura duk lafiya. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har ya koma gona. Bana albasa ya yi a gefen kanal ɗin ban-ruwa, ya ce tumatir ya gajiyar da shi. Na rubuto miki ne saboda na gama koyarwar gwaji, kuma babu wanda nake son ba wa labarin kamar ke.

Kin rasu ina shekarar farko a kwalejin ilimi, don haka ba ki ji labarin darasin da aka yi mana kan koyar da Turanci da na'urori ba. An nuna mana majigi da kwamfuta da wani allo da ake taɓawa da yatsa. Ranar da na fara riƙe linzamin kwamfuta, tsoro nake kada in lalata musu abu. Mun haddace sunayen kayan, mun ci jarrabawa. Ni da ƙawayena mun fito da tunanin cewa malamar da ba ta da waɗannan kaya ba ta cika malama ba.

Sai aka tura ni wata ƙaramar sakandare a hanyar Bunkure, tsakiyar gonakin shinkafa. Inna, ko wayar lantarki ba a ja zuwa makarantar ba. Allo ne da alli, sai tagogi marasa murfi. Idan lokacin tsinkar tumatir ya yi, rabin aji na gona. Yaran sun iya kwafar Turanci da kyau, amma babu mai furta shi, domin duk wanda ya yi kuskure dariya za a yi masa har a tashi.

Akwai wata yarinya, Asabe, 'yar Fulanin da suka zauna a bayan kanal. Ta fi kowa rubutu mai tsabta. Amma in na kira sunanta sai ta sunkuyar da kai tana murza gefen hijabinta, har in haƙura in wuce.

Wata rana a mota, ina komawa gida raina a ɓace, na kunna tsofaffin saƙonninki na murya. Kin tuna lokacin da zan tafi Kano na koya miki danna wurin magana a waya, tunda ba kya karatun boko? Kowane saƙo da abu ɗaya kike fara shi: "Ladidi, wannan abin yana ji na kuwa?" In akuya ta yi kuka sai ki goge ki sake. Ke da ba kya iya doguwar magana da ni ido da ido saboda kunyar 'yar fari, a waya har labarin maƙwabta kike ba ni. A motar nan na ce a raina, wataƙila Asabe ma haka take.

Da na ce zan gwada amfani da wayata da yaran, shugaban makarantar bai so ba da farko. Ya ce min, "Malama, waya a aji fitina ce." Na yi ta roƙo har ya yarda, da sharaɗin zai zauna ya gani da idonsa.

Na riƙa tura yaran bibbiyu ƙarƙashin darbejiya da wayata, kowa ya ɗauki muryarsa yana ba da labarin aikin gidansu da Turanci. In bai yi masa ba ya goge, babu wanda ya ji. Asabe ta daɗe ƙwarai a gindin bishiyar. Da na kunna a ƙaramar lasifikar da na aro wurin Yaya Sani ɗan kawuna, sai ga wata murya mai sanyi tana bayanin yadda shanunsu ke shan ruwa a kanal, da yadda ake tare su kada su faɗa shinkafar mutane. Kowa ya kasa kunne. Wani yaro ya tambaya ko wace ce. Asabe ta rufe fuska da hijabi, amma na ga kafaɗunta na motsi, dariya take.

Sai ranar da malamar kwalejinmu ta zo duba ni. Mace ce da ba ta wasa, kuma in ta kayar da ni sai na maimaita koyarwar gaba ɗaya. Na shirya darasin kaf a kan muryoyin nan. Na kunna na farko lafiya. Ina kunna na Asabe lasifikar ta yi ƙara ta mutu, caji ya ƙare. Muryar wayar kuwa ko layin gaba ba ta kai ba. Na tsaya riƙe da wayar, ina jin biron malamar yana tafiya a kan takarda.

Inna, sai Asabe ta miƙe. Ban kira ta ba. Ta faɗi labarin shanun nan da bakinta daga farko har ƙarshe. Ta yi kuskure a wurare, babu wanda ya yi dariya. Bayanta wasu ma suka ɗaga hannu.

Da aka tashi, malamar ta dube ni ta ce, "Ki riƙa cajin kayanki, kuma ki riƙa tanadin abin yi idan sun ƙi." Sannan ta tambaye ni yadda aka yi yarinyar ta samu wannan ƙarfin hali. Na gaya mata labarin gindin darbejiya. Ta rubuta wani abu, ta ce na ci.

Har yanzu ina son in ƙware a kwamfuta da majigi, kuma zan ƙware in sha Allah. Amma na daina ganin kaina rabin malama don ba ni da su.

Ranar da na yi sallama da makarantar, mahaifiyar Asabe ta zo da ƙwaryar nono a kanta. Ta miƙo min wata 'yar tsohuwar waya ɗaure da roba, ta ce in zuba mata maganar 'yarta a ciki. Ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci. Ta kara a kunne ta saurara har ƙarshe, ta ce in sake kunna mata. Na sake. Daga nan na zagaya bayan aji na yi kuka, don kewarki ta taso min a lokacin fiye da kullum.

Allah ya jiƙanki, Inna. Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe miki, ya saka miki da Aljanna Firdausi kan duk wahalar da kika sha a kaina. Allah ya sa yaran da zan koyar su zama sadaka mai gudana gare ki. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Ladidi