Kada Ki Shiga Gidan

Yaya Maureen,

Gaisuwa mai sanyin iskar tekun garinmu, daga wurin aikina a Alberta, can nesa da gida. Ya ƙafar Baba? Ki gafarta mini wannan kutse.

Ina lafiya, sai dai kunya. Kin san matata Colleen tana da lalurar galahanga, wato autism. Doguwar hira tana shanye ta kamar yadda rana ke shanye raɓa. Ranar da kika kai mata miyar kifi kika yini, mota ta shige ta yi kuka. Ta ce, "Ina sonta, Lorne, amma kaina ya cika."

Ni da ba na nan, ga ni ina roƙon ki rage alheri. Ki ci gaba da ɗaukar tagwayenmu duk Asabar, amma kada ki shiga gidan.

Ki amsa a rubuce da gaggawa. Ba zan iya jin muryarki ba tukuna.

Ƙaninki,
Lorne