In Ka Taɓa Gaya, Sai Bana Ta Buɗe

Gaya, Litinin

Ƙanwata Zuhura,

Assalamu alaikum. Ya Yamai, ya aiki? Inna tana gaishe ki.

Ki taimake ni, ke ce mai aikin ordinatar, wato kwamfuta. Waɗanda ambaliya ta kora suna zaune cikin azuzuwan lakwal, makarantarmu, shi ya sa diraktar ya ce kowane malami ya ɗora darasinsa a intanet, yara su karanta ta salula. Na sa taswirar yankinmu a shafin darasi, na zagaye kowane gari, yadda in yaro ya taɓa shi bayani zai fito. To, in ka taɓa Gaya sai Bana, wani garin daban, ta buɗe. In ka taɓa kogi, shiru. Na goge na sake har na gaji. Ranar Alhamis diraktar zai duba, kuma kin san ni ɗan kwantiragi ne. Na turo miki komai.

Allah ya yi miki albarka.
Yayanki, Harun

Yamai, Talata

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina fatan kun tashi lafiya.

Na duba. Shafin lafiyarsa lau, bayananka ma daidai. Zagayen ne ba su hau kan garuruwan ba. Na Gaya yana tsakiyar ruwa, na garin Dioundiou ya fita daga hoton gaba ɗaya. Kai da kake zana taswira a allo ba ka kuskure ko lanƙwasar kogi! Na tuna da Sallah, ka miƙa hannu za ka ɗauki kofi ka kama iska, muka yi dariya. Yaya, me ya sami idonka?

Ina jira.
Zuhura

Gaya, Laraba

Zuhura,

Sallama. Yini na yi ina fushi da ke, sannan na zauna.

Tun bara ne. Kamar hayaƙi ya tsaya tsakiyar duk abin da na kalla. A aji ban damu ba, darasin yana kaina, yara kuma na san su da murya. Wannan taswirar ce ta tona ni. Hancina har taɓa gilashin yake, amma ban ga inda kibiyar nuni ta ordinatar take ba. Ajuma ce ke rubuta miki wannan, ina faɗa. Ko ita matata sai yau ta sani, tana rubutu tana kuka.

In diraktar ya gane, ya sallame ni. Me zan yi a Gaya ba alli a hannuna? Ki gyara min, don Allah, gobe ne. Kada ki gaya wa Inna, hawan jininta ba zai ɗauka ba. Na roƙe ki.

Allah ya rufa mana asiri.
Harun

Yamai, Alhamis da safe

Yaya,

Barka da asuba. Na gyara, kowane gari ya koma wurinsa. Ka ba Ajuma salula ta taɓa ta gaya maka.

Inna kuwa ban gaya mata ba, ita ta kira ni. Ta ce ta daɗe da lura kana laluben takalmi a ƙofar ɗakinta, ta yi shiru don kada ka ji kunya.

Ina tasha yanzu, zan taho Gaya. Gobe za mu Doso wurin likitan ido. Ban san abin da zai ce ba, amma kada ka ce min a'a.

Ƙanwarka,
Zuhura