Ɗakin da Na Toshe wa 'Yar Kwalba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Ƙanwarka ta sauka, mun samu mace, sai dai bakwaini ce. Uwar tana lafiya. Jaririyar kuwa tana cikin kwalba a asibiti, kuma likita bai yi mana alkawarin komai ba. Da za ka gan ta, ba ta cika tafin hannuna biyu ba.

Ka san halina, in na ga na'ura sai na tsaya. Duk shekarun da na yi ina gyaran firji ban taɓa ganin akwatin da ya ba ni tsoro irin wannan ba. Sistar da ke kula da ɗakin ta nuna mini ma'aunin zafi, da inda ake zuba ruwa don kada fatar yarinyar ta bushe, da siririyar robar da ke kai iska hancinta. Zafin in ya hau kaɗan matsala, in ya sauka kaɗan matsala. Na yi ta tambaya har ta ce, "Mai Firji, aikina kake so ka ƙwace ne?"

A hanyar gida na tuna abin da ka taɓa gaya mana, cewa duniyar da ta fi mu kusa da rana zafinta na narkar da darma, wadda ke bayanmu kuma ta fi firiza sanyi, babu iskar shaƙa. Tamu ce aka ajiye a tsakani, da ruwanta da bargon iskarta. A lokacin na ɗauka surutun malamai ne. Yanzu da na ga yawan wayoyin da ake haɗawa don a yi wa 'yar mitsitsiya guda abin da muke samu kyauta, sai jikina ya yi sanyi. Ban sani ba ko na fahimce ka daidai. Ka gyara mini.

A sa mu a addu'a. Gaida mutanen gida.

Ƙaninka,
Mai Firji

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ku lafiya. Daga barandar asibiti nake rubutu, ka yi haƙuri da karkacewar hannu.

An sallame mu makon jiya, aka ja mana kunne kada sanyi ya taɓa ta. Ga damina ta kankama, ɗakinmu kuma yana shan iska. Sai na yi abin da na iya. Na ɗauko robar ƙofar firji daga shago na zagaye ƙofa da taga da ita, na cusa soso a kowace kafa. A sana'armu akwatin kirki shi ne wanda ko numfashi ba ya fita daga cikinsa. Har daɗi na ji da na kara hannu a bakin ƙofa na ji shiru.

Jiya da safe aka ɗauke wuta, hitar da ke ɗumama ɗakin ta mutu. Na hura gawayi a kurfoti na shigar musu, na ja ƙofa na tafi shago. Wajen hantsi surukata, Gwaggo, ta zo duba jikarta. Ta tarar da ƙanwarka kanta na sarawa, ta kasa tashi, yarinyar kuma ta saki nono ta yi laƙwas. Gwaggo ta yi waje da kurfotin, ta fizge robar taga da hannu ɗaya, ta aika a kira ni. Abin da ta fara ce mini shi ne, "Kai, kifi ka ajiye a ɗakin nan ko mutane?"

Likita ya ce gawayin ya cinye iskar ɗakin, ya bar musu guba marar wari. Uwar ta warware. Yarinyar an mayar mata da robar hanci, ana jira a gani. Na yi ta juya abin a raina, ban ga inda zan ɓuya ba. Zafi kaɗai na lissafa.

Ƙanwarka hannuna kawai ta riƙe. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ƙaninka,
Mai Firji

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Amsarka ta iso, na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Na gode da ba ka zage ni ba. Na rubuta a littafina abin da ka ce, cewa iskar duniya ba murfi ba ce, zagayawa take, itatuwa da teku suna sabunta ta ba tare da mun roƙa ba.

Alhamdu lillahi, yarinya ta tashi. An cire robar, ta kama nono kamar mai rama bashin yunwa. Sista ta koya mana ɗaure ta a ƙirji, fata da fata, a lulluɓe da zane. Ni da uwar muke karɓa-karɓa. Zafin jikina ashe daidai yake da abin da take bukata, ba waya ba ma'auni. Gwaggo ta ce tun da aka haife ni yau ne na yi gyaran da ya yi amfani. Taga kuwa a buɗe take, da raga saboda sauro.

Yau muka kai ta awo, aka ce ta ƙara nauyi, sai wata mai zuwa kuma. Da muka fito ruwa ya ɗauke, ƙasa tana ƙamshi. Ƙanwarka ta ɗan yaye mata mayafi, iskar waje ta taɓa fuskarta. Ta yamutsa hanci, ta yi atishawa. Ni dai tsayawa na yi ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka.

A cikin bas ta tsala kuka tun daga tasha har unguwarmu. Wani dattijo da ke gabanmu ya juyo ya toshe kunne, ya ce, "Malam, wannan 'yar taka akwai huhu!" Na ce masa na gode, Allah ya saka da alheri. Ya harare ni, ya ɗauka gatse nake yi. Wallahi, Yaya, har zuciyata na faɗa.

Ka zo hutun nan ka ji da kunnenka. Ƙanwarka da Gwaggo suna gaishe ka.

Naka har kullum,
Mai Firji