Babin da Nake Tsallakewa

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Ina fata kin daina taurin kai kina shan maganin. Mu nan lafiya lau, sai dai ni tun ranar Litinin ina cikin damuwa.

Hukumar makarantarmu ta turo mutum uku su tantance malamai. Kowa zai koyar a gabansu, wanda bai gamsar da su ba, sai a sallame shi. Kuma ba sa barin mutum ya zaɓi darasi. Sun rubuta sunan kowane babi a 'yar takarda, sun nannaɗe sun zuba a gwangwani, sai ki sa hannu ki ɗauka. Yaya, babi ashirin da huɗu ne a littafin Turanci na aji biyar, amma da na warware tawa sai ga babin infinitive.

Bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Shekara tara ina riƙe da ajin nan, ko sau ɗaya ban koyar da babin nan ba. Yana zuwa ne dab da ƙarshen zango, sai in yi ta jan bita, in sa yara sharar aji, har a yi hutu. Tun muna makaranta bai shiga kaina ba, kuma kunyar tambaya nake ji. Ke da kika yi shekara talatin da alli a hannu, don Allah ki rubuto min shi yadda za ki yi wa ɗan yaye bayani. Idan aikin nan ya suɓuce, ban san inda zan sa kaina da 'ya'yana ba.

Ki gaida kowa da kowa.
Ƙanwarki,
Auta

Yayata ta kaina,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, takardarki ta iso, har da faɗan da ke cikinta. Na cancanta.

Na gane cewa infinitive aikatau ne da kalmar to ta Turanci a gabansa, bai nuna wanda ya yi ba, bai nuna lokaci ba, kamar to read. Na gane idan ya jawo wasu kalmomi a bayansa, kamar to read a book, duk tare suke aiki. Sai na zo kan let him go, na nemi to sama da ƙasa na rasa, kika ce wai shi ma infinitive ne. Haba Yaya, wane irin yare ne wannan?

Kullum idan an tashi nakan rufe ƙofar aji in koyar da kujeru. Malamar aji shida, wadda muke kira Ƙarama don duk ta fi mu ƙuruciya, ita ke zama a baya tana jefo min tambayoyi da muryar mai duba malamai. Na ce mata mantuwa ce kawai ta kama ni. Yarinyar kirki ce, bara ta fara aiki, mahaifiyarta tana hannunta.

Jiya aka sallami malamin lissafi. Ina kallo ta taga ya kwashe littattafansa a leda, ko waiwaye bai yi ba. Ranar Alhamis ce tawa, ki sa ni a addu'a.

Taki har kullum,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya.

Na ci. Zufa ta jiƙe min baya, alli ya karye sau biyu, amma na kai ƙarshe, har babban masu tantancewar ya gyaɗa kai. Sai dai abin da ban sani ba, darasin da suka ji a wani aji, da shi suke shiga aji na gaba su gwada yara, don su ga ko malaminsu yana yi musu bitar abin da suka wuce. Suna fita daga wurina suka shiga ajin Ƙarama, suka rubuta jimla biyar a allo, suka ce a ja layi a ƙarƙashin infinitive. Yara arba'in da biyu, Yaya, ko ɗaya bai ɗaga hannu ba. Ta ina za su sani? 'Yan ajina ne na bara.

An rubuta mata takardar sallama, ranar Litinin za a sa hannu. Duk da haka ta zo da jajayen idanu ta rungume ni tana taya ni murna. Ta ce laifinta ne, da ta yi musu bita da ba haka ba. Na bar ta ta tafi a haka.

Sau uku jiya ina zuwa ƙofar ofishin shugaban makaranta ina juyowa. Na san halina, idan na tsaya a gabansa ƙarya zan yi. Saboda haka da safen nan na rubuta masa gaskiyar komai, shekara taran duka, na sa hannu, na miƙa wa sakatariya kafin zuciyata ta canja. Na koma in karɓo, ta ce ta riga ta shigar.

Ina jin tsoro, Yaya, tsoron da ban taɓa ji ba. Ban faɗa wa yaran gida ba. Yanzu hutun tara ne, ina zaune a aji ni kaɗai. Ga sakatariyar can ta fito daga ofis, ta wuce aji uku, ta wuce aji huɗu, ta nufo ajina. Zan tsaya nan.

Ki gaida su. Ki yafe min.
Ƙanwarki,
Auta