Ba Gurnani Ba Ne, Shifa

Zuwa ga Shifa, sanyin idona, ruwan randa a tsakiyar bazara, yayyafin farko a kan ƙasar da ta gaji da jira,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki, tare da gaisuwar da ta fi ƙarfin wannan takarda.

Saƙon Yaya Musbahu ya same ni a nan unguwarmu ta Hulme. Wai a gidanku na Balsall Heath, can Birmingham, an gama magana: injiniyan da ya ajiye aikin ofis ya koma haska bango don wasu mata biyu masu gurnani ba shi da bakin neman ƙanwarsa. Gurnani! Ya taɓa tsayawa ya saurare su? Matan nan 'yan ƙabilar Inuwit ne, daga can ƙuryar arewacin Kanada. Sukan fuskanci juna, kowace ta riƙe damtsen 'yar'uwarta, sauti na fitowa daga ƙasan maƙogwaro, wannan ta jefa waccan ta cafe, kamar lugude a turmi ɗaya, har sai dariya ta ci ƙarfin ɗaya. An taɓa hana kakanninsu wannan waƙa, ba ta mutu ba. Ni ne zan daina don an ɗaure mini fuska?

Aikina shi ne na'urar da ke jin muryarsu ta mayar da ita haske. In sauti ya yi ƙasa, bango ya yi shuɗi kamar rini a karofi. In ya yi sama, ya watse fari kamar balbelu sun tashi.

Kin tuna ranar da kika sauko daga train da rana tsaka, da kayan asibiti a jikinki, kika tarar muna rehearsal, muna gwajin wasanmu? Ƙaramar cikin matan nan ta miƙa miki makirufo, kunya ta kama ki, sai dariya ta kuɓuce miki. Bangon nan gaba ɗaya ya koma ruwan zuma! Da hannuna na haɗa na'urar, amma wallahi ban san da wannan launi a cikinta ba. Wayyo Shifa! Wa zai ga abin da na gani a ce masa ya haƙura?

Ba zan koma ofis don a ce na yi hankali ba, ba kuma zan janye daga ƙofar gidanku ba. Ranar Asabar muna da show a Birmingham, bas ɗaya ce daga unguwarku. Na ajiye kujeru a sahun gaba: taki, ta Yaya, ta Hajiyarku. In sun zo, madalla. In ba su zo ba, ranar Lahadi kawuna Junaidu zai yi sallama da Abbanku da goronsa a hannu, in an sallame shi ya sake dawowa.

Ke dai kada ki yi mini shiru. Fushin Yaya zan iya ɗauka. Shirunki ne ba ni da maganinsa.

Naki, daga yau har furfura, har inda numfashi ya tsaya,
Bara'u